Birki da Shafi na Ɗari Biyu da Sha Biyu

A duk faɗin tashar, in ka ce Birki ba wanda zai tambaye ka wanne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ramin gareji yana kallon motocin bas daga ƙasa, har ta kai in ya haɗu da mota a titi ba ya shaida ta sai ya sunkuya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da baƙin mai a ƙarƙashin farce wanda sabulu ya daɗe da sallama masa. Direbobi suna ganin girmansa saboda bai taɓa sakin mota da cinyayyiyar ciyawar birki ba, wato abin nan da ke damƙe taya ta tsaya, ko da manaja zai yi ta kumfar baki har yamma. Suna kuma ganin girmansa saboda wani abin da bai cancanta ba. Kowa ya san shi da cewa ya karanta wani babban littafi daga farko har ƙarshe, ya zuba shi kaf a ka. Gaskiyar magana kuwa, in ka cire takardar odar kayan gyara da allon da aka rubuta "Hattara", Birki bai taɓa kaiwa ƙarshen wani rubutu ba tun da ya bar makaranta.

Matarsa ce silar wannan suna. Ita ke riƙe da ofishin tsintuwa, wani ɗaki mai taga ɗaya a bayan wurin yankan tikiti, inda masu shara ke kawo duk abin da fasinja suka manta a mota. Akwai laima fiye da ɗari, akwai takalmi wari ɗaya, akwai haƙoran roba a cikin kwalba, har da sandar gurgu guda, wadda har yau ake mamakin yadda mai ita ya sauka. Sai kuma littattafai. Maman Tsintuwa, kamar yadda ake kiranta, mayyar karatu ce, amma tana da ƙa'ida. Ba ta sayen littafi, ba ta kuma tafiya gida da kayan ofis. Abin da aka manta shi take karantawa a kan kantar ofis, mai shi na zuwa ta miƙa masa, ko da tana tsakiyar jimla. Sai ta ɗauko ɗan littafin rubutunta ta sa lambar shafin da ta tsaya, wai ko wata rana wani zai sake mantawa da irinsa.

Shekara ashirin da shida da suka wuce, lokacin tana sabuwar ma'aikaciya, Birki ya yi wata huɗu yana wucewa ta gaban tagar nan ba tare da ya sami abin faɗa ba. Sau uku yana jefar da hularsa a mota da gangan don ya sami dalilin zuwa. Sau ukun masu shara suna kawo masa ita har bakin rami, don ba wanda bai san warin hular ba. Daga nan ya yanke a ransa cewa abin da ya yar ba ya zuwa ofishin tsintuwa. A riƙe wannan, don shi ne kuskuren da ya gina rayuwarsa a kai.

Wata Talata da hantsi ya hango ta da wani littafi marar bango, ta ƙura masa ido, baki a ɗan buɗe. Kafin hankalinsa ya iso, bakinsa ya riga shi.

"Wannan littafin nawa ne."

Ta ɗago ta dube shi, ta dubi hannayensa. "Mene ne sunansa?"

"Ai kin ga bangon ya cire."

Ba ta ja ba. Ta turo masa rajista ya sa hannu, ya bar tambarin babban yatsa baƙi ƙirin a gefen layin. Ta miƙa masa littafin kamar ana zare mata haƙori. Ya juya ke nan ta ce, "Malam, don Allah, wa ya buɗe ƙofar?"

"Wace ƙofa?"

"Masinjan nan da ya yi tafiyar wata uku da wasiƙa. Ya iso gidan matar, ya ƙwanƙwasa, ya ji takun tafiya daga ciki. Shafi na ɗari biyu da sha biyu. A nan ka zo."

"Zan faɗa miki a motar ma'aikata," in ji Birki. Har gobe yana ganin wannan ita ce magana mafi hikima da ta taɓa fita daga bakinsa.

Niyyarsa mai kyau ce. Abin da ya rage na littafin bai fi kaurin yatsa ba, ya ce kafin ƙarfe biyar zai gama da shi. Ya shige wata bas da ya gama ɗaure wa birki, ya zauna a kujerar baya, ya lalubo shafin. Sai ya ji shugaban gareji yana ƙwala masa kira. Ya ajiye littafin a kujera ya ruga. Da ya dawo, sai ɗigon mai a inda motar take. Ta ɗauki fasinja ta kama hanyar kwana biyu.

Ƙarfe biyar ya tarar ta ajiye masa wuri kusa da ita a kujerar ƙarshe. Ya zauna.

"Wata tsohuwa ce ta buɗe," ya ce. "Ta ce matar da yake nema ta tashi."

"Ta koma ina?"

"Bayan tsauni."

"Sai ya bi ta?"

"Sai ya hau kekensa. Yana cikin gangara..." Ya laluba cikin kansa, bai sami komai ba sai abin da ya sani. "Sai birki ya tsinke."

Ta dafe ƙirji. Motar ta iso unguwarsu, ta sauka tana waiwaye. Washegari ta sake ajiye masa wuri.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ta Birki ta yi 'ya'ya uku, har da jika. Wata takwas bayan wannan Talatar aka ɗaura musu aure, lokacin Masinja yana cikin wata rijiya. Littafin kuwa, Birki ya ce ya ara wa wani abokinsa da ya yi tafiya ƙasar waje. Da ta matsa a rubuta wa abokin, dole Birki ya kashe shi, ya kuma yi kwana biyu yana jimami don abin ya zauna.

Kullum minti arba'in, daga tasha zuwa gida, Masinja yana tafe da wasiƙarsa. Ambaliya ta tare shi, an kama shi bisa kuskure, ya yi gadin wata gona shekara guda, ya koyi gyaran keke a hannun wani dattijo mai hikima wanda bai san komai ba sai birki. Shekarar da aka rage wa ma'aikata albashi, Masinja ya yi ta fama da wani azzalumin mai gari wanda tumbinsa da tarinsa suka yi kama da na manaja. Da mahaifinta ya rasu, Masinja ya zauna a gindin wata bishiya mako biyu. Kullum in ta tambaya, Birki ya ce, "Yana nan zaune," ita kuma ta jingina kai da gilashi har su sauka.

Sau ɗaya tak ta taɓa cewa, "Baban yara, ni fa na ga abin da ya rage bai wuce kaurin yatsana ba."

"Ƙananan rubutu ne," ya ce.

Sauran ma'aikata ma suka shiga sauraro. Masu yankan tikiti suka riƙa rububin kujerun baya. Direban motar, in labari ya yi zafi, sai ya rage gudu har keke ya wuce su. Da haka sunan Birki ya fita a matsayin mai ilimi, har ana kawo masa takardar asibiti ya duba, shi kuma ya gyaɗa kai ya ce a bi abin da likita ya ce.

Kada a ɗauka yana jin daɗin wannan. Tsoro ne ke cinsa. Ya yi imani har cikin ɓargonsa cewa ba shi ta aura ba, mai littafin ta aura, mutumin da ya san wa ya buɗe ƙofar. Duk ranar da ta gano cewa shi baƙon banza ne da ya sa hannu a rajista kan kayan wani, ita da ba ta taɓa tafiya gida da ko allurar ofis ba, bai san da wane ido za ta dube shi ba. Yana sonta, kuma abin da zai riƙe ta da shi bai wuce wannan masinjan da kekensa ba. Haka dai yake gani.

Da wayoyin shafa suka zo, Maman Tsintuwa ta kwashe lissafin shafukanta ta zuba a manhajar wani babban kamfani, wadda kowa ke amfani da ita wajen adana abin da ya karanta. Littafi ɗari shida da arba'in ta shigar, dukkansu a rukunin waɗanda ake kan karantawa. A ranar Birki bai iya cin abinci ba, don an ce masa manhajar tana nemo kowane littafi a duniya. Maman Tsintuwa ta rubuta masinja, wasiƙa, ƙofa. Manhaja ta yi ɗan tunani, ta kawo mata tallar ambulan. Ta sake gwadawa, ta kawo tallar kwaɗo da makulli. Shekara goma sha ɗaya ana haka. Birki bai taɓa son wani abu marar rai kamar yadda ya so manhajar nan ba. In ya ga wayar a kan tebur har goge mata fuska yake yi da gefen riga.

To, rana dubu ta ɓarawo. Saura wata biyu su yi ritaya, su biyun a rana ɗaya, sai kamfanin ya yi wa manhajarsa gyara. Wani mai wayo a can ya yanke cewa duk littafin da aka shekara ba a taɓa ba, an gama shi ke nan. Ranar Litinin Maman Tsintuwa ta buɗe waya ta tarar da hoton kofin zinariya yana juyi, furanni suna zuba, an rubuta mata barka da kammala littafi ɗari shida da arba'in.

Birki ya same ta a bakin taga ta yi tagumi, shayinta ya huce.

"Wai na gama," ta ce. "Har da Masinja. Ni aka yi wa ƙarya a kan idona, Baban yara. Aikin shekara ashirin da shida, duk lambobin shafin sun goge."

"Wataƙila kuskure ne, ki yi musu uzuri."

"Na rubuta musu. Sun ce sun ji daɗin farin cikina, kuma ko ina son kwaɗo."

Allah ya sa tsohon littafin rubutunta yana nan a durowa. A makon ne wata nas ta zo karɓar littafin da ta manta, ta ga halin da ake ciki, ta ba ta labarin wata ƙaramar manhaja. Wata mata ce ta haɗa ta, ita da mijinta, a ɗakin baya na gidansu. Ba talla, ba kofi, mutanen ciki ba su fi dubu biyu ba. In ka yi tambaya mutum ne zai amsa maka, wani lokaci sai matar ta sauke tukunya. Maman Tsintuwa ta yi mako uku tana shigar da littattafanta ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, kowanne da shafinsa. Ba wanda ya ce mata ta gama komai.

Sai ta gano wani sashe a ciki mai suna "Na manta sunansa", inda mutum ke bayyana abin da ya tuna na littafi, sauran jama'a su taya shi nema. A motar ma'aikata ta karanta wa kowa abin da ta rubuta. Ta kawo labarin har shafi na ɗari biyu da sha biyu, ta ƙara da cewa wanda ya gama littafin ya tabbatar mata birkin keke yana tsinkewa aƙalla sau arba'in. Jama'a suka yi ta sa albarka. Birki ya ji kamar an zare jak ɗin da ya ɗaga mota, ta sauko masa a ƙirji.

Washegari da lokacin hutun rana, ya sauka cikin rami inda ba mai ganinsa, ya saukar da manhajar a tasa wayar. Ta tambaye shi suna, ya sa Mai Gaskiya. Hutun gaba ɗaya ya tafi wajen rubuta kalma bakwai, saboda yatsansa yana danna harafi uku a lokaci guda.

"Wannan littafin ya ƙone. Duka. Ku bari."

Ya zaci magana ta ƙare. Kafin la'asar mai manhajar da kanta ta amsa. "Sannu da zuwa, Mai Gaskiya. Allah sarki, a ina gobarar ta faru? Mun kuma lura ba ka shigar da littafi ko ɗaya ba. Wane iri kake so?"

Nan fa mutane suka yi masa caa. Wani ya ce kada ya ji kunya, shi ma sai da ya haura hamsin ya fara. Wata ta jero masa siraran littattafai goma sha biyu masu manyan haruffa. Wani ya nemo masa guda uku a kan gobara, tun da alama abin na damunsa. Kowace safiya sai an tambayi Mai Gaskiya ko ya fara. Tun da yake, ba a taɓa tarairayar Birki haka ba, kuma bai taɓa jin haushin mutanen kirki irin wannan ba.

Ya sake dabara. Ya rubuta, "Ƙarshen ba daɗi. Kada ku wahala." Mutum goma sha ɗaya suka ce yanzu ne ma suke son karantawa. Ya rubuta cewa marubucin ya janye littafin, aka ce lallai akwai abin da ake ɓoyewa. Abin da Birki bai sani ba shi ne, duk lokacin da aka yi magana a ƙarƙashin tambaya, sai ta koma saman jeri. Da ya yi shiru, da tuni ta nutse. Da hannunsa ya riƙe ta a sama mako uku cur, har wani tsohon hedimasta a wani gari mai nisa, wanda sau ɗaya a wata yake leƙa waya, ya ci karo da ita.

Maman Tsintuwa ta karanta amsarsa a mota. "Ya ce yana da shi! Masinja, wasiƙa, tafiyar wata uku, duk sun yi daidai. Sai dai ya ce nasa masinjan a ƙafa yake tafiya. Bai ga keke ba."

Duk motar ta juyo ta dubi Birki.

"Bugu iri-iri ne," ya ce. "Akwai mai keke, akwai marar keke."

"Ya ce zai ba direban motar Alhamis ya kawo mini."

Ranar Juma'a ce ranarsu ta ƙarshe a aiki. Birki ya lissafa, ya ga kwana ɗaya kacal ya rage masa ya fita da mutuncinsa, kuma a wannan kwana ɗayan ne za a tona shi.

Alhamis tun ƙarfe goma yana tsaye a bakin ƙofar shigowa yana goge sifana ɗaya. Motar na tsayawa ya tari direban.

"Kawo saƙon madam, ni zan kai mata."

Direba ya miƙo masa ƙunshi a takarda mai ruwan ƙasa, an ɗaure da zare, an rubuta adireshi da irin rubutun da ke sa mutum ya gyara tsayuwa. Birki ya zaga bayan gareji inda duron baƙin mai yake. Ya ɗaga murfin. Ya tsaya. Mutumin da bai taɓa sakin mota da mugun birki ba ya kasa jefa littafin tsoho a cikin mai. Ya mayar da murfi yana zagin kansa.

Sai wata shawara ta zo masa. Tun da ga littafi a hannu, ai sai ya karanta ƙarshen, ko ba komai in an tsare shi ya san ta inda zai kauce. Ya duba hagu da dama, ya shige wata bas da ya gama ɗaure wa birki, ya zauna a kujerar baya. Ya kwance zare, ya lalubo shafi na ɗari biyu da sha biyu, ya danne shi da babban yatsa. Ya bi layi ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe. Masinja ya ƙwanƙwasa. Masinja ya ji takun tafiya. Birki ya lashi yatsa zai juya shafi, sai ya ji ƙara a bakin ƙofa, ga manaja yana ihun sunansa. Wata mota ce ta shigo ba birki ta rungumi allon "Hattara". Ya tura littafin gefen kujera ya ruga.

Mai hali ba ya fasa halinsa. Bayan awa ɗaya da ya dawo, sai ɗigon mai.

Ya daɗe a tsaye yana kallon wurin. Sannan wani sanyi ya ratsa shi. Ai bai ƙona ba, bai jefa a mai ba, ƙaddara ce ta ɗauke kayanta kamar yadda ta yi wancan karon. A motar yamma ya ce mata direba bai zo da komai ba, wataƙila tsohon ya manta. Ta ce to. Har ya sami ƙarfin tsinke wa Masinja birki a wata gangara.

Juma'a da hantsi aka ce Maman Tsintuwa tana kiransa. Ya zo bakin tagar da ya yi wata huɗu yana zagayawa yana saurayi. A kan kantar ofis ga littafin hedimasta, a buɗe, da tambarin yatsa baƙi ƙirin a shafi na ɗari biyu da sha biyu. Gefensa rajistar bana. Gefenta kuma wata tsohuwar rajista da takardunta suka yi ja.

"Masu shara suka kawo da safe," ta ce. "Kujerar baya."

Birki ya yi tsuru-tsuru. Ya ƙura wa tambarin yatsansa ido.

Ta juyo masa tsohuwar rajistar ta sa yatsa a wani layi. Ga sa hannunsa na ranar Talata, da tambarinsa. Ta gangaro layi tara. Ranar Juma'a, littafi marar bango, an tsinta a kujerar baya. Ta ƙara gangarowa. Ranar Asabar, mai shi ta karɓa, ta zo da bangon a hannu.

"Wata malamar makaranta ce," ta ce. "Baban yara, shekara talatin kana aiki a tashar nan. Abin da aka manta a mota ina yake zuwa?"

"Hulata ba ta taɓa zuwa ba."

"Hularka ko kare ya tsinta zai kai maka."

Ya dafa bakin kantar. "Ke nan ya kwana a hannunki. Kin karanta."

"Na buɗe. Na ga yatsanka a shafin, na san mai littafi ba ya neman inda wani ya tsaya. Na kama gefen takardar zan juya. Sai na tuna ka bar bawan Allah a gangara ba birki, kuma in na juya ba zan taɓa sanin yadda ya ƙare ba. Na rufe na sa a durowa."

"Abokina da ya rasu fa?"

"Na yi maka ta'aziyya, ai ka gani."

Kunya ta rufe shi, ta haɗu da wani abu mai kama da haushi. "To in kin sani, me ya sa kika tara mini mutum dubu biyu?"

Ta cire tabarau ta ajiye. "Sau uku a bana ka tsinke birki a gangara ɗaya, ba ka lura ba. Tun ƙarfe huɗu nake hango ka daga nan kana zagaye rami kana gumi. Ka gaji, Baban yara. Na ce kafin mu ajiye aiki bari in nemo maka ƙarshen, mutumin nan ya kai wasiƙarsa, kai ma ka huta." Ta mayar da tabarau. "Kuma Mai Gaskiya, a gyara rubutu. Ba mai sa harafi uku a wuri ɗaya sai kai."

Hedimasta aro ya ba ta, ba tsintuwa ba, don haka a karon farko a rayuwarta ta fita daga ofis da littafi a jaka. Ƙarfe biyar motar ta cika har da masu tsayuwa, saboda labari ya zaga. Ta zauna a kujerar ƙarshe, Birki a gefenta kamar wanda za a yanke wa hukunci. Ta buɗe, ta juya shafin, ta karanta da ƙarfi.

Matar ce ta buɗe ƙofar. Ta karɓi wasiƙar, ta duba bayanta, ta ce ba tata ba ce, ta gidan gaba ce. Masinja ya zura ta ƙarƙashin ƙofar gidan gaba, ya nemi ruwa ya sha, ya kama hanyar gida.

Ta juya shafi. Ta sake juyawa. Shafi na ɗari biyu da sha huɗu ne ƙarshe. Sauran kaurin yatsan jerin sunayen wasu littattafai ne da kamfanin ɗab'i ke talla, sai fararen takardu guda huɗu.

Aka dubi juna. Can wata mai yankan tikiti ta ce, "Shi ke nan?"

"Tafiyar wata uku!" in ji direba, yana dukan sitiyari. "Ko zama ba ta ce ya yi ba? Wallahi bugu mai keke ya fi."

Maman Tsintuwa ta rufe littafin ta ɗauko waya. Ta nemo Masinja a manhaja, ta goge ɗari biyu da sha biyu, ta sa ɗari biyu da sha huɗu. Manhajar ta tambaye ta ko ta gama wannan littafin. Birki yana kallon yatsanta. Ta danna "Tukuna".

"Gobe ba mota," ya ce a hankali.

"Akwai benci a ƙofar gida." Ta sa wayar a jaka, ta gyara zama. "In ka huta ka ga dama. In ba ka ga dama ba, mu zauna haka nan, ba bashi ba ne."

Ya dubi hannayensa. Shekara ashirin da shida yana ba da labarin nan don kada ta tafi, ashe ba inda za ta. Ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau, idonsa ya kawo ruwa, ya goge da bayan hannu ya bar baƙin layi a kumatu. Yanzu da ba dole, sai ya ga yana son sanin wa ke gidan gaban.

"Ba kowa a gidan," ya ce. "Sun tashi. Da ya yi nisa sai abin ya dame shi, ya dawo ya zaro wasiƙar da tsinke."

"Suka koma ina?"

"Bayan tsauni."

"A ƙafa zai je fa. Ka ji abin da hedimasta ya ce."

"A ƙafa ya tafi," in ji Birki. "Sai dai a hanya ya haɗu da wani mai keke, ya ce ya hau ya rage masa hanya. Suna cikin gangara..."

"Birki!" motar ta ɗauka baki ɗaya.

Ita kuwa ta juyo gare shi. Ta kama babban yatsan nan nasa ta riƙe a cinyarta, duk da ta san zai ɓata mata zane. Direba ya iso unguwarsu, ya dube su ta madubi, ya wuce bai tsaya ba.